Zanen Yatsa

Na'urar ta ƙi ni sau uku.
Yaron ofis ya ce: Inna, danna da ƙarfi.
Na danna. Ya goge gilashin da bakin rigarsa,
ya ce: Yatsunki ba su da zane.
Na ce: Suna da shi, ɗana,
yana can a gindin bokitin asibiti.

Shekara goma sha bakwai
ina riga ladanin Mokoyo fita,
in ratsa Bagalam da takalmin roba,
in buɗe ɗakin da farin gari ke kwana
cikin duro mai jan murfi.
Cokali kaza ga lita kaza,
haka majo ya rubuta a bango.
Ni ban yi boko ba, hancina ke awo,
har ranar da hancin ya ajiye aiki
bai yi mini sallama ba.

Jabel muke ce masa, na gari da na gora.
Yana cin jinin haihuwa a kan siminti,
ya ci amai, ya ci gudawa
shekarar da gulbi ya cika ya kawo ciwo
aka jera mutane ƙarƙashin tanti.
Ban taɓa zaginsa ba.
Na ga yaran da suka koma gida da ƙafafunsu
don ni da shi mun wanke gadon.
Sai dai bai iya bambanta
cuta da mai shara ba.

Dubi zannuwana, duk sun koma zabbi,
ɗigo fari, ɗigo fari.
Dubi tafina,
bakin tafkin Madarumfa ne da bazara.
Man kaɗe ya yi iyakar ƙoƙarinsa.
Safar hannu takan fito ranar da baƙi za su zo,
da takunkumi sabo fil.
Mota na tashi, kwali ya koma makulli.

Barmu, da aka ɗauka bara,
ya so a ce ya iya.
Ya tsiyaya asid ɗin wanke masai a kan jabel
cikin banɗakin da ba taga.
Ni ban ji wari ba. Tarinsa na ji,
irin na akuyar da ta haɗiyi leda.
Na jawo shi da wuyan riga har gindin bedi,
ido ja kamar gauta,
yana tambayata da hannu
ina iskar Maraɗi ta tafi.
Ya rayu.
Yana sayar da rake a tashar Ɗan Isa,
da hannu yake kiran masu saye.

Da dare ƙirjina na busa sarewa,
Cima ta farka ta ɗora mini ruwan zafi.
Miya ta ƙone a gabana,
sai maƙwabciya ce ta leƙo ta katanga.
Ruwan farko ya sauka,
unguwa duka na cewa: Ku ji ƙamshin ƙasa!
Ni dai na ga ta jiƙe.

Ranar sunan jikana aka miƙo mini shi.
Na kai hanci tsakar kansa
yadda uwata take yi.
Na daɗe a sunkuye
don kada mata su gane.

Yaron ofis ya ce: Ki huta da ruwan nan wata guda,
wataƙila zanen ya dawo.
Na yi dariya har tari ya karɓe ta.
Wata guda!
Haihuwa ba ta san hutu ba,
kuma buhun hatsi ba ya jira.

Gobe za a ba ni sabuwar yarinya, Habsu.
Kafin in nuna mata cokali
zan nuna mata taga.
In ce: Buɗe ta tukuna.
Kada ki haɗa shi da komai, ruwa kaɗai.
Ki tambayi safar hannu da ƙarfi,
ko an harare ki, ki sake tambaya.
Sannan in kama hannunta,
in ɗaga shi wajen haske,
in ƙare wa zanen kallo.